Na daina biyan kuɗi a ba ni makin diraf da sassafe, Pro Football Reference ya ishe ni

Assalamu alaikum jama'a. Yau dai magana zan yi a kan wani shafi da na daɗe ina amfani da shi, Pro Football Reference, kuma na san wasu za su ce wai me ya haɗa Bahaushe da ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana gudu ana karo kamar raguna. Toh zama ne ya kawo, ina jihar Ohio sama da shekara goma yanzu, kuma a nan in ba ka san abin da Browns, kulob ɗin birnin Cleveland, suka yi ran Lahadi ba to ran Litinin a wurin aiki kai kaɗai za a bari ba a hira da kai. A haka na fara kallo, a haka abin ya shiga raina, har yanzu ta kai in an ci mu ba na iya cin abincin dare da daɗi.

Ga wanda bai saba ba bari in ɗan yi bayani kaɗan. A NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, babu makarantar horar da yara irin ta Barcelona ko Arsenal, kuma ba a sayen matashi da kuɗi daga wani kulob. Yara suna wasa ne a jami'a, in sun gama sai a yi abin da ake kira diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa, a ƙarshen watan Afrilu, kwana uku ana yi, zagaye bakwai, ƙungiyoyi 32 kowa na ɗauka bi da bi, kuma wanda ya fi kowa shan kashi a bara shi ke fara zaɓa. Mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai ake ɗauka a shekara. Waɗanda kulob ɗaya ya ɗauka a shekara ɗaya su ake kira aji, kamar dai ajin makaranta. Toh abin da ke faruwa shi ne tun kafin yaran nan su cire kwat ɗin da suka sa suka hau dandamali, masu sharhi sun riga sun fito da maki, wannan kulob A, wancan C, wancan F. Ko takalmin wasa ba su ɗaura ba fa.

Ni ma na yi shekaru ina cikin masu jiran makin nan kamar sakamakon jarrabawa. Har akwai wani shafi da nake biya kuɗin wata-wata musamman don wannan, ba zan kama suna ba, kowace shekara daren Asabar ɗin da aka gama diraf za su turo maka dogon sharhi da maki, ka karanta ka ji kamar ka san gaibu. Abin da ya raba ni da su shi ne wata rana na koma neman makin da suka bayar shekara huɗu baya don in ga ko sun yi daidai, na neme shi sama da ƙasa babu, sai wani sabon rubutu da aka ɗora a wurin wai sake duba ajin, kuma an rubuta shi kamar dama can haka suka faɗa. Na tura musu saƙo sau biyu ina tambaya, amsar da na samu ita ce tallar rangwame in na biya na shekara. Wallahi abin ya ɓata min rai sosai, don ba kuskuren ne ya dame ni ba, kowa na kuskure, ɓoyewar ce ta dame ni. A ranar na soke rajistata.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi a unguwarmu, Kawu muke ce masa dukkanmu, a falonsa muke taruwa kallo, kafin ya zo ƙasar nan fataucin shanu ya yi shekaru. Shi tun farko bai yarda da makin nan ba. Na tuna daren diraf na 2014 da Browns suka ɗauki Johnny Manziel a lamba 22, gari ya ɗauka, mutane sai ihu suke, ni ma na miƙe tsaye ina tafi, Kawu yana zaune da kofin shayinsa ko motsi bai yi ba. Na ce Kawu ba ka murna ne? Ya ce "Ɗana zauna, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." Na ce ai Kawu Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya ce "Haka ne, amma yau ko Larabar ba ta yi ba, Asabar muke." Shekara biyu kawai Manziel ya yi aka sallame shi a watan Maris na 2016, Justin Gilbert da aka ɗauka a lamba 8 a wannan daren shi ma shekara biyu ya yi aka miƙa shi Steelers. Wanda ya zama ginshiƙin ajin nan Joel Bitonio ne, lamba 35, ɗan katanga mai tare wa mai jifa, wato wanda ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, wanda a lokacin ko sunansa ban tsaya na karanta ba, sai ga shi ya shekara sama da goma a kulob ɗin yana zuwa Pro Bowl, wasan da ake gayyatar fitattun 'yan wasan kaka, a kai a kai.

Babban ɗana ne ya nuna min Pro Football Reference. Ya gan ni ina ta faɗa a kan wancan shafin sai ya ce Abba kawo wayarka, ya rubuta sunan shafin da shekara da kalmar diraf a Google, ya miƙo min. Abin da na gani tebur ne kawai dogo, babu hoto babu bidiyo babu wani mai ihu. Kowane layi mutum ɗaya: zagayen da aka ɗauke shi, lambarsa, kulob, gurbin da yake bugawa, shekarunsa a shekarar da aka ɗauke shi, shekarar da ya buga wasansa na ƙarshe, sau nawa ya shiga sahun farko na gwanayen shekara, sau nawa ya je Pro Bowl, kaka nawa ya yi yana cikin masu fara wasa, wasa nawa ya buga gaba ɗaya, sai alƙaluman jifa da gudu da cafka, sai jami'ar da ya fito. Shikenan. Kuma akwai na kowace shekara tun daga diraf na farko a 1936. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Kamfani ɗaya ne da FBref wanda masu bin ƙwallon Turai suka sani, Sports Reference, don haka in ka taɓa shiga wancan to wannan ba zai ba ka wahala ba.

Abin da ya fi burge ni, ba sa ba kowa maki. Babu A babu F. Abin da ya faru suke ajiye maka, kai ka yi hukuncinka, kuma ba a goge komai, wanda aka ɗauka a lamba 2 ya yi kaka uku ya ɓace yana nan a lamba 2 har abada, kowa na gani.

Akwai layuka biyu na tsaye a teburin da nake so in tsaya a kansu don su ne suka gyara min tunani. Suna da wani ma'auni da suke kira AV, wani malamin lissafi Doug Drinen wanda ya kafa shafin ne ya ƙirƙiro shi, lamba ɗaya ce da ake ba ɗan wasa a kowace kaka don a iya kwatanta mai jifa da mai tsaron baya da ɗan katanga a sikeli ɗaya. A teburin diraf za ka ga wAV, wannan na rayuwar wasansa ce duka, ana ɗaukar kakarsa mafi kyau gaba ɗayanta, ta biyu kashi 95, ta uku kashi 90, haka har ƙasa. Kusa da shi kuma akwai DrAV, wannan abin da ya tara wa kulob ɗin da ya zaɓe shi ne kaɗai. In ka ga tazara mai yawa tsakanin biyun nan to ka san akwai labari, wani ya shuka wani ya girbe.

Bari in ba ku misali da ajin da na fi sani, Browns na 2018. A 2017 wasa 16 muka buga ba mu ci ko ɗaya ba, shi ya sa muka fara zaɓa. Aka ɗauki Baker Mayfield a lamba 1, Denzel Ward a lamba 4, Austin Corbett a 33, Nick Chubb a 35. A watan Satumba wani daren Alhamis Mayfield ya shigo daga benci a wasa da Jets muna baya, ya juya wasan muka ci 21 da 17, nasarar farko bayan kwana 635, ina falon Kawu daren nan na ga manyan mutane da hawaye a ido. Ya gama kakar da jifa 27 da suka kai ga ci, wanda a lokacin babu sabon ɗan wasan da ya taɓa yin haka. Da a ranar aka ce in ba da maki A zan bayar har da ƙari. Shekara ta biyu sai ya jefa 21 a hannun abokan hamayya muka gama da ci 6 rashi 10, mutane suka fara cewa an yi asara. Ta uku muka ci 11, muka shiga sili-ɗaya-ƙwale karon farko tun 2002, muka je har gidan Steelers muka doke su 48 da 37, aka koma cewa ai mun samu namu na shekara goma. Ta huɗu kafaɗa ta samu matsala, wasa ya lalace, a watan Yuli na 2022 aka miƙa shi Carolina a musayar damar zaɓe ɗaya a zagaye na biyar na diraf, kafin shekarar ta ƙare su ma sun sake shi ya tafi Rams. Kowa ya rufe littafinsa. Sai ga shi a Tampa Bay a 2023 ya je Pro Bowl, suka ba shi kwantiragin shekara uku dala miliyan 100, a 2024 ya yi jifa 41 na ci. Toh dan Allah a wace shekara ce a cikin waɗannan makin zai zama na gaskiya? Kuma kar a manta a shekara ukunsa na farko koci huɗu ya yi aiki a ƙarƙashinsu, Hue Jackson, Gregg Williams, Freddie Kitchens, Kevin Stefanski, kowa da tsarinsa da yarensa, ko ɗan koyon ɗinki ka sauya wa maigida huɗu a shekara uku ai sai ka ga tangarɗa a hannunsa.

Na Corbett ma ya fi ban mamaki. Wasa ɗaya tak ya fara mana, a watan Oktoba na 2019 aka ba Rams shi a kan zaɓen zagaye na biyar, mu duka muka ce an rabu da ƙaya. A watan Fabrairu na 2022 yana cikin masu fara wasa a katangar Rams ranar da suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, a kan Bengals. In ka duba layinsa a teburin za ka ga DrAV ɗinsa kusan babu komai, wAV kuma ya yi nisa. Ke nan masu ido na kulob ɗinmu ba su yi kuskuren gani ba, yaron yana da abin, haƙurin reno ne ba a yi ba. Masu kallon Firimiya kun san wannan ciwon, Salah da De Bruyne duk sun zauna a Chelsea. Wannan bambancin tsakanin iya zaɓe da iya reno babu makin daren Asabar da zai nuna maka shi, amma layuka biyun nan suna nunawa a kallo ɗaya.

Toh yaushe ne ya dace a yi hukunci? Ni dai bayan na shafe dare da yawa ina hawa da sauka a teburan nan, inda na tsaya shi ne shekara uku ce mafi ƙaranci, kuma ba ni na ƙirƙiro ba, tsarin NFL ɗin ne da kansa ya nuna haka. Tun yarjejeniyar 2011 duk wanda aka ɗauka a diraf kwantiragin shekara huɗu yake sa wa hannu, ba a yarda a sabunta masa ba sai ya gama kaka uku, 'yan zagayen farko kuma kulob na da damar ƙara musu shekara ta biyar amma dole ya faɗi matsayinsa a farkon watan Mayu bayan kaka ta uku. Kaga a nan ne mutanen da ke ganin yaron kullum a fili da ɗakin motsa jiki da ɗakin kallon bidiyo suke sa hannu a aljihu, kuma maganar da aka yi da kuɗi ta fi wadda aka yi da baki nauyi. Ku duba masu jifa biyar da aka ɗauka a zagayen farko na 2021, Trevor Lawrence a 1, Zach Wilson a 2, Trey Lance a 3, Justin Fields a 11, Mac Jones a 15, an yi ta cewa ba a taɓa ganin aji irin wannan ba. Da Mayu na 2024 ya zo Lawrence kaɗai ne ke kulob ɗin da ya zaɓe shi, shi kaɗai aka ƙara wa shekara ta biyar. Mac Jones da ya fi su duka haskawa a shekarar farko, ya kai Patriots sili-ɗaya-ƙwale, a kan zaɓen zagaye na shida aka ba Jacksonville shi. Lance kuwa da 49ers suka ba da zaɓen zagayen farko har uku don su same shi, wasa huɗu ya fara musu, wanda ya karɓe gurbin Brock Purdy ne, mutum na ƙarshe da aka ɗauka a 2022, lamba 262.

Wani dalilin kuma wasannin ba su da yawa. Kaka ɗaya wasa 17 ce, kafin 2021 ma 16 ce, ba kamar Firimiya mai 38 ba ban da kofuna. Yaro ya ɗan ji rauni wata ɗaya ya rasa kusan kwata na shekararsa. Sai an haɗa kaka uku kafin a samu wasa hamsin da za a ce an ga mutum a zafi da sanyi, a gida da waje, lokacin da abokan hamayya ba su san shi ba da lokacin da suka zauna suka haddace shi.

Amma fa gurbi-gurbi ne. Mai gudu da ƙwallo shi ne Juma'ar da ake ganewa tun Laraba, Chubb ya yi yadi 996 a shekarar farko duk da bai fara kakar a matsayin na ɗaya ba, ta biyu ya yi 1,494, babu wani jira. Alvin Kamara na Saints ma haka a 2017. Amma a wannan ajin na Saints ɗin akwai Trey Hendrickson lamba 103, shekara uku ba a jin ɗuriyarsa, a ta huɗu ya kayar da mai jifa sau 13 da rabi, daga nan ya koma Bengals yana ta addabarmu. Mai jifa kuwa ni ko shekara ukun ban cika yarda da ita ba, biyar nake so. Josh Allen a kakarsa ta farko kashi 52.8 na jifansa ne ke isa hannu, ta biyu 58.8, ana ta cewa ba a koyon saiti a NFL, ta uku ya kai 69.2, a 2024 shi ne gwarzon shekara. Peyton Manning a 1998 jifa 28 ya ba abokan hamayya, kulob ɗinsa ya ci 3 ya rasa 13. Aaron Rodgers shekara uku ya yi a benci a Packers kafin ya fara a 2008, Jordan Love ma haka a kulob ɗin, me za ka auna a mutumin da bai buga ba? Sam Darnold da aka ɗauka a lamba 3 a 2018 aka gama yanke masa hukunci tun a Jets, a 2024 ya ci wa Vikings wasa 14.

Wani abin da na yi wata ran Asabar, na bi sunayen 'yan Najeriya da 'yan Ghana a shafin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan maganar shekara ukun nan. Christian Okoye mutumin Enugu, Chiefs suka ɗauke shi a 1987, a kakarsa ta uku 1989 ya fi kowa gudu a NFL da yadi 1,480. Osi Umenyiora an ɗauke shi a 2003, a 2005 ya kayar da mai jifa sau 14 da rabi. Ezekiel Ansah ɗan Ghana wanda sai da ya je jami'a a Amurka ya fara wasan, an ɗauke shi a lamba 5 a 2013, shi ma 14 da rabi a 2015. Nnamdi Asomugha kaka uku bai cafke jifa ko ɗaya ba, a ta huɗu 2006 ya cafke takwas. David Njoku da Browns ɗinmu suka ɗauka sai a kakarsa ta bakwai ya je Pro Bowl. Ban ce haka kowa yake ba, sunayen da na sani ne na bi, amma musamman yaran da suka fara wasan a makare, jiki ya riga ya gina amma karatun wasan bai zauna ba, zalunci ne a auna su da wata huɗu.

Labarin da kowa ke kawowa a wannan magana shi ne Seattle na 2012, kuma ya cancanta. An zazzage su a kan ɗaukar Bruce Irvin a lamba 15, aka ce Russell Wilson a lamba 75 gajere ne kuma ai sun riga sun sayo Matt Flynn, akwai waɗanda F suka ba su. A tsakanin biyun nan suka ɗauki Bobby Wagner a 47. Kafin a cika shekara biyu sun ci Super Bowl 43 da 8 a kan Denver. Amma ni a teburin 2012 abin da ya fi tsaya min a rai layuka biyun farko ne. Andrew Luck a lamba 1, gwani ne na gaske, raunuka suka sa ya ajiye wasa a watan Agusta na 2019 yana da shekara 29. Robert Griffin a lamba 2 shi ne gwarzon sabbin 'yan wasan kai hari a 2012, gwiwa ta tafi a wasan sili-ɗaya-ƙwale a Janairu na 2013, bai sake komawa yadda yake ba. A nan ne ya kamata mutum ya yi adalci, don tebur zai nuna maka abin da ya faru amma ba zai gaya maka ko shawarar da aka yanke a ranar tana da kyau ba. Wanda ya ɗauki Luck bai yi kuskure ba, ƙaddara ce ta gitta. Haka wanda ya ɗauki Tom Brady, mai jifan da ya zo ya ci Super Bowl bakwai, a lamba 199 a 2000, ai sai da ya tsallake shi sau da dama ya ɗauki wasu kafin ya waiwaye shi, rabo ne ya fi yawa a ciki.

Kar in yi ta yabo kawai, ma'aunin AV yana da iyakarsa, su da kansu kusan-kusan suka kira shi ba daidai-wa-daida ba. Ga 'yan katanga musamman, tunda ba su da alƙaluma nasu, ana duba yawan wasan da suka fara ne da ƙarfin harin kulob ɗin gaba ɗaya da lambobin yabon da suka samu, ke nan mai matsakaicin ƙoƙari a kulob mai ƙarfi zai iya fin gwani a kulob mai rauni. Layin Pro Bowl ma a yi hattara da shi don in wasu sun janye ana cike gurbi da na bayansu, a haka Mac Jones ya je a shekararsa ta farko. Sannan in ajin bai wuce shekara biyu ba lambobin ƙanana ne duka, ba abin da za ka tsinta, mai gudu zai hau sama mai jifan da ke benci zai zauna a sifili. Shafin da Turanci yake kuma kan kowane layi gajerun haruffa ne, sai ka ɗan saba, teburin kuma yana da faɗi, a kwamfuta ya fi daɗin karantawa, in a waya ne ka kwantar da ita. Suna da wani ɓangare na kuɗi mai suna Stathead inda za ka iya tace abin da kake so, misali duk masu jifan da aka ɗauka a zagaye na uku cikin shekara ashirin, na gwada shi kuma yana aiki sosai, amma ga mai kallo irina da ke son kashe gardama a falo na kyautar ya wadatar.

Ga wanda zai fara, shawarata kar ka buɗe na bana ko na bara. Koma baya shekara biyar ko shida, ka danna kan layin wAV teburin ya jera maka su daga babba zuwa ƙarami, sai ka kalli lambobin da aka ɗauke su yadda suka hargitse, 75 a saman 2, 32 a saman 10. Daga nan ka danna DrAV ka sake kallo. Minti goma ya isa ka ga abin da nake faɗa.

Yanzu a falon Kawu mun sauya tsari. Daren diraf muna kallo muna cin ƙosai da shayi, kowa ya faɗi ra'ayinsa, ɗana ya rubuta a wani littafi mai bangon kore da Kawu ke ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, da sunan mai maganar da kwanan wata, ba a gogewa. A watan Mayu in kulob-kulob sun gama bayyana wa suka ƙara wa shekara ta biyar sai a ɗauko littafin a buɗe shafin shekara uku baya, ni kuma in buɗe teburin a kwamfuta. A na 2021 mu shida ne muka yi magana, huɗu sun ce Zach Wilson ko Lance zai fi kowa, ɗaya ya ce Fields. A gaban sunan Kawu ɗana ya rubuta abin da ya faɗa daren, wai a tambaye shi in an yi girbi uku. Da aka karanto masa sai ya gyara zama ya sa tabarau ya ce "Toh ɗana, jero min su daga sama, a hankali, ka faɗa min kowa inda yake yanzu."